Ranar da Ƙaramin Gari Ke Ƙirga 'Ya'yansa

Duk shekara idan kaka ta kama a Amurka, daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da masara ta bushe a gona kuma iska ta fara sanyi, makarantun sakandare sukan ware mako guda don bikin da suke kira Homecoming, wato bikin dawowa gida. A manyan birane abin bai cika wuce harabar makaranta ba, wanda ba shi da ɗa a ciki ba zai ma san ana yi ba. Amma a ƙananan garuruwan karkara, masu mutum dubu ɗaya ko dubu biyu, gari ne kacokan yake tsayawa cik. A tare babban titi, masu shaguna su rubuta sunan ƙungiyar makaranta a gilashin tagoginsu, tsofaffin ɗalibai da suka watsu cikin ƙasa su kamo hanyar gida.

Yawancinmu a finafinai muka san wannan biki, kuma abin da ake nuna mana shi ne yarinya da kambi a ka tana hawaye, sai samari da 'yan mata suna rawa a zauren wasanni. Shi ya sa idan maganarsa ta taso a tsakanin iyaye Hausawa mazauna can, da yawa sukan ja tsaki su ce sharholiya ce kawai. Ni ina ganin an yi wa bikin gurguwar fahimta. Kambi da rawa su ne mafi ƙarancin amfani a cikinsa, kambin ma har cutarwa yake yi, kuma zan zo kansa. Dalilin da ya sa nake goyon bayan bikin daban ne. Shi ne mako ɗaya a shekara da manyan gari, masu 'ya'ya a makarantar da marasa, suke takowa da ƙafarsu su tsaya a gaban yaran garin, su nuna musu an san da zamansu. Garin da ya rasa wannan ya tafka asara, ko da akawun gwamnati bai sami layin da zai rubuta ta ba.

Daga jami'o'i abin ya samo asali. Jami'ar Baylor da ke Texas ta gayyato tsofaffin ɗalibanta a 1909, ta Illinois ta yi nata a 1910. Wanda aka fi ba da labarinsa shi ne na Missouri a 1911. A da a birnin Kansas City ake buga wasansu na ƙwallon Amurka da abokiyar hamayyarsu, jami'ar Kansas, sai aka zo da ƙa'idar cewa dole a koma filayen jami'o'i. Shugaban wasanni na Missouri, Chester Brewer, ya ji tsoron kada fili ya zama wayam, sai ya aika wa tsofaffin ɗalibai goron gayyata su dawo gida su kalla. Mutum sama da 9,000 suka hallara, aka tashi uku da uku. Daga baya makarantun sakandare suka ɗauka, kuma a hannunsu ne ya tashi daga bikin ɗalibai ya koma na gari.

Da wasa-wasa makon yake farawa. Kowace rana da irin shigar da za a yi a tafi aji: yau kayan barci, gobe tufafin zamanin kakanni, ranar Juma'a kowa da launin makaranta. Aikin gaske kuwa da dare ake yinsa, sau da yawa a rumfar ajiye tarakta da wani manomi ya ba da aro. Kowane aji yana da tirelarsa, irin ta lodin ciyawa, wadda zai ƙawata don jerin gwano. Sai a kafa katako, a lulluɓe shi da ragar waya irin ta kejin kaji, yara su zauna suna cusa guntayen takarda masu launi a cikin idon ragar, ɗaya bayan ɗaya, har siffa ta fito: damisa, ko gaggafa, ko duk abin da makarantar ta ɗauka a matsayin tambarinta. Uban wani yana durƙushe da injin walda, uwar wata ta shigo da abinci a tukunya, malamin lissafi yana kan tsani yana riƙe da ƙusa a baki. Yaron da ba ya iya buɗe baki a aji, a nan ake gane cewa shi ya iya haɗa wayar lantarki, kowa sai ya jira shi. 'Yar likita da ɗan mai gadin kamfani hannunsu duk ya yi dama-dama da gam ɗaya. Waɗannan 'yan darare, a wurina, sun fi rawar da za a yi daren Asabar daraja.

Ranar Juma'a da rana sai jerin gwano. Motar 'yan kwana-kwana a gaba tana jiniya, tsofaffin sojoji riƙe da tuta, 'yan badujalar makaranta a bayansu, sannan tirelolin azuzuwa taraktoci na jansu a hankali. Ga 'yan ƙungiyar matasan manoma ta FFA, wadda aka kafa tun 1928, cikin shuɗayen rigunansu. Ga waɗanda suka gama makarantar shekara 50 da suka wuce, furfura fal, zaune a bayan a-kori-kura suna ɗaga hannu. Ana watso alewa, yaran firamare da aka sako daga aji suna wawaso a bakin titi. Tafiyar duka ba ta wuce 'yan layuka, kafin ka ankara an gama. Da dare a kunna fitilun fili a buga ƙwallon Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga. Daren Juma'a na makarantun sakandare ne har a doka, domin tun 1966 majalisar ƙasar ta toshe wa ƙungiyar ƙwararru ta NFL hanyar haska wasanninta a talabijin a wannan dare cikin kaka, a duk inda bai wuce mil 75 daga filin da yara ke wasa ba. Ƙasar da ta san darajar dala irin Amurka ta yarda a bar wannan kuɗi ya wuce don kada kujerun ƙananan filaye su zama fayau.

Sai mutum ya san halin da waɗannan garuruwa ke ciki zai gane me ya sa suka riƙe bikin da hannu biyu. A 1935 akwai gonaki miliyan 6.8 a Amurka. A ƙidayar 2022 ba su kai miliyan biyu ba. Noman yana nan, amfanin gona ma ya ninka, injuna ne suka maye gurbin hannaye. Filin da a da yake riƙe da gidaje da dama, kowanne da 'ya'yansa, yanzu mutum ɗaya ne da injin girbinsa. Da yara suka ragu sai kantin kayan masarufi ya rufe, asibitin haihuwa ya koma babban gari, jaridar mako-mako ta daina fita, coci biyu suka koma ɗaya. A wurare da yawa makaranta ce ta rage, ita ce mai ɗaukar ma'aikata mafi yawa, zaurenta ne wurin taro, ita ce kaɗai ginin da har yanzu ake ganin fitila a cikinsa da dare.

Ita ma ba a ƙyale ta ba. A 1940 Amurka tana da gundumomin ilimi sama da 117,000, yau kimanin 13,000 suka rage. An yi ta haɗe ƙanana wuri guda da hujjar tsimin kuɗi da inganta karatu. A 1959 James Conant, tsohon shugaban jami'ar Harvard, ya fitar da wani rahoto mai tasiri inda ya ce makarantar sakandaren da ba ta yaye ɗalibai aƙalla 100 a shekara ba za ta iya ba da ilimin da ya kamata ba, gara a haɗe ta da wata. Ba zan ce ba shi da gaskiya kwata-kwata ba. Makarantar da malami ɗaya ke koyar da kimiyya da tarihi da motsa jiki tana tauye hazikin yaro, kuma an yi haɗe-haɗen da suka amfani kowa. Abin da nake ƙi shi ne lissafin da ke ƙirga albashin shugaban makaranta da kuɗin dumama aji, amma ya manta da garin da za a bari a baya. Thomas Lyson, masanin zamantakewa a jami'ar Cornell, ya duba ƙananan ƙauyukan jihar New York a wani bincike da ya wallafa a 2002, ya tarar waɗanda ke da makaranta gidajensu sun fi daraja kuma kayan more rayuwarsu sun fi kyau, musamman a mafi ƙanƙantar ƙauyukan. Duk wanda ya bi titunan Iowa ko Nebraska zai ga makarantu masu sunan gari biyu ko uku a jere, an haɗa da ɗan layi a tsakani. Kowane ɗan layin nan labarin wani gari ne da aka kashe fitilar makarantarsa, yaransa suka koma shiga bas tun da duhu. Kuma idan makon biki ya zo, tambayar da ke tayar da jijiyar wuya ita ce a titin wane gari za a yi jerin gwano.

Ƙananan makarantu sun daɗe suna neman dabarar tsira. A 1934, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, wani malami mai suna Stephen Epler a garin Chester na Nebraska ya ga makarantarsa ba ta da yara goma sha ɗaya da za su cika ƙungiya, sai ya ƙirƙiro ƙwallon Amurka ta mutum shida-shida. Har yau ana buga ta a Texas da Montana da Nebraska da wasu jihohi, akwai kuma ta takwas-takwas. Mutane ba sa rage dokokin wasa haka kawai don sha'awar ƙwallo. Neman dalilin da zai tara su suke yi.

Garin da ya fi tsaya min a rai a wannan batu shi ne Parkersburg a Iowa, mai mutum kimanin 1,900. Makarantarsa ma ta haɗin gwiwa ce da maƙwabcinsa Aplington. Ranar 25 ga Mayu, 2008, guguwa mafi ƙarfi a ma'aunin da ake auna su ta ratsa kudancin garin. Ta kashe mutane, ta niƙe gidaje ɗaruruwa, ta rushe makarantar sakandaren. Kocin makarantar, Ed Thomas, wanda ya fara aiki a garin tun 1975 kuma ya yaye yara huɗu da suka kai ga buga wa NFL, shi ma gidansa ya tafi. Duk da haka ya dage cewa sai an gyara filin ƙwallo an buga wasan gida a wannan kakar. Yara suka riƙa bin ciyawar filin da rarrafe suna tsince gilashi da ƙusoshi, har 'yan makarantun da suke hamayya da su suka zo suka taya. A watan Satumba aka buga wasan, alhali ginin makarantar bai tashi ba, ɗalibai a Aplington suke ɗaukar darasi.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa wannan rashin sanin ciwon kai ne, mutane ba su da rufi a kansu ana maganar fili. Amma a duba abin da iyalan da suka rasa komai suke yanke shawara a kai a wannan bazarar: su karɓi kuɗin inshora su sake gini a nan, ko su tattara su koma birni. Babu mai son ya zuba dukiyarsa a garin da zai mutu. Fitilun da aka kunna a wannan daren sun gaya wa kowa cewa makaranta tana nan, saboda haka gari yana nan. Shekara guda bayan haka, a Yunin 2009, wani tsohon ɗan wasansa mai taɓin hankali ya harbe Ed Thomas har lahira a ɗakin motsa jiki, a gaban ɗalibai. A ranar iyalansa suka fito suka roƙi jama'a su yi wa iyayen wanda ya yi kisan addu'a su kuma kai musu ziyara. Irin wannan hali ba ya tsirowa rana ɗaya. Mutanen da suka shekara da shekaru suna zama kan benci ɗaya suna kallon 'ya'yan juna ne suke iya shi.

Akwai masu suka, kuma sukar tasu tana da nauyi. Suna cewa mako guda cur ana wasa da karatu, an ɗaukaka mai ƙarfin ƙirji sama da mai ƙwaƙwalwa. Suna nuna garin Allen da ke gefen Dallas, wanda ya buɗe filin ƙwallon sakandare na dala miliyan 60 mai kujeru 18,000 a 2012. Suna kuma kawo maganar rauni a ka: a 2017 masu bincike na jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da iyalansu suka bayar bayan rasuwarsu, suka sami cutar da yawan buguwar kai ke haddasawa a 110. Iyalan da suka riga suka ga alamun ciwo ne suka fi bayarwa, don haka adadin ba ma'aunin kowa ba ne, amma uwar da ta hana ɗanta wannan wasa ba ta yi laifi ba. Na yarda da su cewa bai kamata a ɗora bikin gari kacokan a kan kawunan yara maza 'yan shekara 16 ba. Tun dokar 1972 da ta wajabta ba 'yan mata dama daidai a wasannin makaranta, akwai ƙungiyoyin ƙwallon raga da na gudu da suka cancanci a cika musu zaure a wannan makon kamar yadda ake cika fili.

Inda na rabu da masu sukar shi ne zatonsu cewa biki da karatu kishiyoyi ne. A Amurka kaso mai tsoka na kuɗin makaranta daga harajin gidaje da filayen yankin yake fitowa, kuma idan ana son sabon rufi ko ɗakin gwajin kimiyya, galibi sai an kai maganar gaban masu zaɓe su amince a ciyo bashi. A Iowa sai an sami kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u. A garin da tsofaffi suka yi rinjaye, yawancin masu jefa ƙuri'ar ba su da ɗa ko ɗaya a makarantar. Me zai sa gwauruwa mai cin fansho ta ɗaga hannu a ƙara mata haraji? Ba takardar bayanin da aka turo mata ta gidan waya ba ce. Ta san yarinyar da ke busa ƙaho a layi na biyu jikar maƙwabciyarta ce, ta ga yaron da ke share mata ƙanƙara a ƙofar gida yana tuƙa tarakta a jerin gwano. Gani ya kori ji. Makarantar da ta rufe ƙofarta ga jama'ar gari duk shekara, ranar da ta zo neman kuɗi baƙuwa ce.

Yanzu sai kambi. A ƙa'ida ɗalibai ne suke zaɓen sarki da sarauniya da 'yan rakiyarsu, a naɗa su a tsakiyar fili lokacin hutun rabin lokaci. A makarantar da kowa ya san kowa tun daga ajin raino, wannan zaɓe ba ya gano wani sabon abu. Yana buga hatimi ne a kan abin da yara suka riga suka sani game da waye mai kyau, waye ɗan gidan wane, waye ba a so a zauna kusa da shi. A 2012, a garin West Branch na jihar Michigan, ɗalibai suka zaɓi wata yarinya 'yar shekara 16 cikin 'yan rakiya don kawai su yi mata dariya. Da ta gane, ta shiga mummunan hali. Sai mutanen gari suka tashi: wani ya ɗauki nauyin riga, wata ta gyara mata gashi, aka biya mata abinci, daren wasan kuma fili ya cika da masu sanye da ruwan lemo, launin da ta fi so. An yaba wa garin a jaridun duniya, kuma sun cancanci yabo. Amma ni abin da ya dame ni shi ne makarantar ce da kanta ta miƙa wa yara makamin, ta buga takardar zaɓe ta ce su auna junansu. Yara nawa aka yi wa irin wannan a garuruwan da labarinsu bai kai ga jarida ba?

A Kudancin ƙasar kambin yana da wani tabon. Bayan hukuncin kotun ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, makarantun baƙaƙen fata ne aka fi rufewa, malamansu dubbai suka rasa aiki, bukukuwansu da tutocinsu da kofunansu suka bi ruwa. A wasu makarantun da aka haɗe an ɗauki shekaru ana naɗa sarauniya biyu, fara da baƙa. A gundumar Wilcox ta jihar Georgia sai a 2013 ɗalibai suka shirya liyafar ƙarshen shekara ta farko da fari da baƙi suka shiga zaure ɗaya, kuma su yaran ne suka nemi kuɗin da kansu. Duk mai cewa gida yana da daɗi, ya kamata ya tambaya wa aka taɓa hana shiga.

Ga kuma tsada. A Texas akwai al'adar saurayi ya ba budurwa furen ado ta rataya ranar biki. Da can fure ɗaya ne na gaske da ake maƙalawa a riga. Yau ya zama wani ƙaton faifai na roba da ake ratayawa a wuya, ɗauke da kirtani masu sauka har ƙafa, da ƙararrawa, da 'yar tsana, wani ma har da fitila, kuma mai kyau yakan ci dala ɗaruruwa. Ranar Juma'a farfajiyar makaranta sai ƙarar ƙararrawa, kowa na ganin wadda tata ta fi girma da wadda ba ta da ko ɗaya. A ƙara da kuɗin riga da takalmi da hoto da tikitin rawa. Uwar da ke aiki biyu don ta biya haya ba ta da inda za ta ɓuya a garin da ba shi da makaranta ta biyu. Wasu makarantu sun soke sarautar, wasu sun mayar da ita sai ƙungiyoyin ɗalibai sun gabatar da wanda ya yi wa jama'a hidima, wasu iyaye kuma suna tara rigunan da aka sa sau ɗaya su raba kyauta. Ban ga abin da gari zai rasa ba idan aka ajiye kambin gaba ɗaya.

Babban ƙorafina ya wuce wannan. Masana zamantakewa biyu, Patrick Carr da Maria Kefalas, sun je sun zauna a wani ƙaramin gari na arewa maso gabashin Iowa a 2001, suka bi sawun waɗanda suka gama makarantarsa. Abin da suka gano, wanda suka wallafa a 2009, shi ne garin da kansa yake tura hazikansa waje. Malamai da iyaye da limaman coci duk sun tattara kulawarsu a kan 'yan ƙalilan da za su tafi jami'a ba su dawo ba, su kuwa waɗanda za su zauna, masu shiga masana'anta da gona tun suna aji, ba wanda ya damu da shirya su. Bikin dawowa gida yakan maimaita wannan kuskure. Wanda ya zo daga Chicago da mota mai ƙyalli shi ake kira a lasifika, shi ake sa wa suna a allon girmamawa. Wanda ya ja tirelar kuwa, ya kafa kujeru, ya soya naman da aka sayar aka saya wa 'yan badujala kaya, kuma shi ne ɗan sa-kai a motar kashe gobara, yana tsaye a gefe da tsintsiya yana jiran a watse. Yaran makaranta suna kallo, suna kuma koyon darasin: wanda ya tafi shi ne ya ci nasara, wanda ya zauna ya gaza. Ba na cewa a hana kowa tafiya, arziki yana inda Allah ya ajiye shi. Amma mu da muke cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi mun san cewa akwai wanda ya zauna ya riƙe gidan har aka sami inda za a dawo. Shi ya fi cancanta a zaunar a motar gaba. Waɗanda suka dawo kuma kada a bar su su ci su sha su tafi. A shigar da su aji su gaya wa yara yadda ake neman gurbin karatu da aiki, a kuma nuna musu rufin da ke yoyo.

Fuskar waɗannan garuruwa tana sauyawa, kuma nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. A wurare irin su Storm Lake a Iowa da Lexington a Nebraska, kamfanonin yanka da sarrafa nama sun jawo ma'aikata daga Meksiko da Laos da Somaliya da Sudan, har ya zama 'ya'yan baƙi ne suka fi yawa a azuzuwa, makarantun suna cike a lokacin da na maƙwabta ke bushewa. Haka nan shirin musayar ɗalibai na YES, wanda majalisar Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba kuma ake kiransa da sunan sanatoci Kennedy da Lugar, ya kai yara daga Najeriya da Ghana da Kamaru su yi shekara guda a gidajen Amurkawa, da yawansu a irin waɗannan ƙananan garuruwa. Yaron da ya sauka a watan Agusta, kafin ya gama gane hanyar aji makon biki ya riske shi. Ga kuma likitocinmu da ma'aikatan jinya da aiki ya kai asibitocin karkara da iyalansu.

A irin waɗannan gidaje ne yarinya za ta dawo daga makaranta ta ce, "Baba, kowa zai je, ni kaɗai ce ba za ni ba." Uban da ya ce ba za ta je rawar daren Asabar ba yana kan haƙƙinsa, kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai iyalai Kiristoci masu riƙo da addini a garuruwan da su ma ba sa barin 'ya'yansu. Jami'ar Baylor ɗin nan da ta fara bikin a 1909 ba ta yarda an yi rawa a harabarta ba sai a 1996, wato shekara 87 bayan bikinta na farko. Abin da nake roƙo shi ne kada a haɗa komai a yi masa kuɗin goro. Hana rawa daban, kulle ƙofa mako guda daban. Yarinyar da aka hana zuwa aikin tirela, aka hana ta tsayawa a jerin gwano, aka hana ta zama a benci tare da iyayenta daren Juma'a, an gaya mata ne cewa garin da take girma a ciki ba nata ba ne, an kuma gaya wa garin cewa gidansu ba ya son hulɗa. Ranar da wani ya tsokane ta saboda ɗankwalinta, waɗanda za su tsaya mata su ne waɗanda suka san babanta a fuska.

Su ma masu garin akwai nasu aikin. Idan rabin ɗalibai ƙwallon ƙafa irin tamu suka iya, a sa wasanta cikin jadawalin makon a kuma kunna mata fitila. Rumfar sayar da abinci a bakin fili, wadda galibi naman alade ne a cikinta, ta tanadi abin da Musulmi zai ci. Wasan yakan fara ne daf da magariba a wannan lokacin na shekara, saboda haka a buɗe aji ɗaya kusa da fili don mai son yin salla. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar doka daga Washington. Kwamitin iyaye ne yake tsara su tun farkon zangon karatu, kullum kuma yana cigiyar masu taimako, zaman hukumar makaranta ma a buɗe yake ga duk mazaunin gari. Wanda ya je ya zauna ya ce shi zai kawo tukunyar shinkafa daren Laraba, a wannan zaman ne zai iya tayar da maganar ajin salla.